Man kariyar rana da fuskata ta karɓa

Bayan haihuwata ta biyu wasu baƙaƙen tabo suka fito min a kumatu da goshi. Na ɗauka kafin in yi arba'in za su washe. Ina! Sai ma ƙara duhu da suka yi a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Kullum daga Hotoro nake hawa adaidaita sahu zuwa makarantar da nake koyarwa, hijabi ya rufe ko'ina, fuska ce kaɗai rana take samu ta daka.

Likitar fata da na gani ta ce kafin a yi zancen kowane magani sai na tare rana tukuna. Abin ya ba ni mamaki, don mun taso muna jin cewa baƙar fata ba ruwanta da rana. Gaskiya ne ba ma saurin ƙonewa kamar Turawa, amma fatarmu tana saurin yin tabo, rana kuwa ita ke ƙara masa duhu.

Man kariyar rana na farko da na saya a wani shagon kayan kwalliya, ƙamshinsa ne ya ja ni, ga kuma lambar SPF 50, wato ma'aunin ƙarfin kariyarsa, ɓaro-ɓaro a jikinsa. Ni kuwa fatata ko sabulu na canza sai ta nuna. Kafin in isa makaranta gumi ya gangaro da shi cikin idona, raɗaɗi kamar barkono, hawaye na zuba ina sharewa da gefen hijabi. Kwana uku, ƙananan ƙuraje suka feso min da ƙaiƙayi. Da na juya bayan kwalbar na karanta, sai ga turare da alkohol a cikin kayan haɗinsa, abubuwan da aka san suna tsokanar fata irin tawa.

Na biyu mai sinadarin zink ne, wanda aka fi ba masu fata mai saurin damuwa shawara a kansa. Bai yi min zafi ko kaɗan ba. Sai dai kauri gare shi, kuma ya bar min fari-fari kamar na shafa toka. Wata ɗalibata ta matso a hankali ta ce, "Malama, ko ba ki da lafiya ne? Fuskarki ta yi fari." Mako guda na jure, sannan na fara tsallake shafawa, tabon kuma ya ci gaba da abinsa.

Wanda na tsaya a kansa shi ma na zink ne, amma ruwa-ruwa yake kamar madara, ba turare, kuma an surka shi da launin ƙasa. Launin nan ba don kwalliya kawai ba ne: sinadarin ƙarfen da ke ba da shi yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yake ƙara duhun tabo a fatar baƙi. SPF ɗinsa 30 ne, ban kuma damu ba, don 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na UVB, hasken rana mai ƙona fata, 50 kuma kusan kashi 98. Abin da na fi dubawa shi ne ko yana tare UVA, wani nau'in hasken rana da ke ratsa gilashin taga. Na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, na gwada a bayan kunne kwana uku kafin ya hau fuska. Wanda aka baje a tebur rana na gasa shi kuwa ko kyauta ba na so.

Abin da ba wanda ya faɗa min shi ne batun alwala. Da safe ina matsa tsawon yatsu biyu in shafa fuska, minti 15 kafin in fita. Da azahar sai in wanke shi tas don ruwa ya taɓa fata, in yi alwala, in yi salla, sannan in sake shafawa kafin in fito neman adaidaita. Shi ya sa ƙaramar kwalba take zaune a jakata tare da carbi. Da hunturu ina fara sa man da ke laushin fata, in ba haka ba sai ya kwanta a kan bushewar ya yi dabbare-dabbare, kuma ba na dainawa don hazo ya rufe rana.

Yau wata shida ke nan. Tabon goshi ya kusa ɓacewa, na kumatun dama, ɓangaren da ya fi shan rana a hanyar makaranta, yana nan amma ya dusashe.