Layi ɗaya, mata uku

Aikin da aka kira ni na yi ba mai wuya ba ne. Wata ƙungiyar mata ce ta adashi da rancen jari, suna so a raba su da babban littafin da ake rubuta zubi. Ma'aikaciya ta shiga gida ta karɓi kuɗi, ta shigar a wayarta ko da babu sabis, in ta fito inda intanet ke kamawa bayanan su tafi rumbu, mai zubi kuma ta samu saƙon tes cewa kuɗinta sun shiga. Da KoboToolbox, wata manhajar tattara bayanai, na haɗa fom ɗin, kuma wannan ɓangaren bai ba ni ciwon kai ba.

Lambar waya ce ta jawo komai. Yawancin manhajojin kuɗi suna ɗaukar lambar waya a matsayin shaidar mutum, rumbun bayanai ba ya yarda lamba ɗaya ta shiga sau biyu. Takardar aikin da aka ba ni ma haka ta ce. Amma a unguwannin da ƙungiyar ke aiki, mata da yawa ba su da wayar kansu. Lambar da suke bayarwa ta maigida ce, ko ta babban ɗa, ko ta ƙanin miji mai shagon caji. Sai ka tarar uwargida da amarya da uwar mijinsu duk layi ɗaya suka rubuta.

Uwargida ta yi rajista lafiya. Da aka zo kan amarya sai manhaja ta ce wannan lamba tana da mai ita. Ma'aikaciyar tana da adadin mutanen da aka ɗora mata ta yi wa rajista, ga mace zaune da kuɗi a hannu, to me za ta yi? Ta canza lambar ƙarshe, ko ta sa tata. Ban ga laifinta ba, ƙofa aka rufe mata ta bi ta taga. Sakamakon dai shi ne saƙo mai ɗauke da sunan mace da yawan kuɗinta yana faɗawa wayar wanda bai taɓa jin sunanta ba.

Inda lambar take daidai ma abin ya fi muni. Saƙon yana cewa an karɓi zubin wance naira kaza, jimillar ajiyarta kaza. Wayar tana aljihun maigida. Ko ya karanta da kansa, ko ya miƙa wa yaro ya karanta masa a tsakar gida, ko ya bar ta a caji a ɗakin wadda ke da girki. Mace tana tara kuɗin kayan ɗakin 'yarta daga ribar ƙuli-ƙuli, ta kai su adashi musamman don kada su zauna a kusa da hannu, rana ɗaya gida duka ya san nawa ne. Mata suka fara janye ajiyarsu, ba su faɗi dalili ba, sai da wata ma'aikaciya ta matsa da tambaya. Har yanzu abin yana cina, domin a allon kwamfuta komai kore ne: an tura saƙo, ya isa.

Gyaran na farko shi ne raba mutum da layi. Kowace mace ta samu lambar mamba tata, an buga a katin zubinta, da lamba ɗaya a ƙarshe wadda ke kama kuskuren bugawa. Gurbin waya ya koma na ganin dama, lamba tana iya maimaituwa, an kuma ƙara maɓallin "ba ta da waya" don kada wata ma'aikaciya ta sake ƙirƙira. Sannan tambayoyi biyu: wayar ta wa ce, kuma tana son saƙo ko ba ta so. In ba tata ba ce, saƙo a kashe yake sai ta nema da bakinta, kuma a keɓe ake tambayarta, ba gaban kishiya ba. Wadda ta ce tana so, a tura lambobi huɗu nan take ta karanto su. Wannan tabbatarwa ana sake ta lokaci-lokaci, saboda layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya yakan karɓe ya sayar wa wani.

Saƙon kansa na cire masa suna da jimilla, lambar rasit kawai ta rage. Nan ma na ci wata riba. Tes na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga sai ya koma 70, abin da ya haura a caje ka saƙo biyu ko uku. Da saƙon ya gajarce, Hausa ta shiga da lanƙwasarta a kuɗin saƙo ɗaya.

Shugabar ƙungiyar ba ta so wani ɓangare na gyaran ba. Ita so take wadda ta makara da biyan rance a tura wa mijinta da mai tsaya mata saƙo kai tsaye.

"Ɗana, ai a nan kunya ce ke biyan bashi," in ji ta.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba zan haɗa shi ba."

Na yi mata bayani cewa irin wannan tonon silili ne ya sa hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta dira a kan manhajojin bashi a 2022, Google kuma ya hana su leƙa lambobin da ke wayar mutum a 2023. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023, wadda ta ce in bayanan mutane sun fita ta yadda za su iya cutuwa, a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin sa'o'i 72. Mai tsayawa da ya sa hannu ana iya zuwa a same shi baki da baki. Miji da bai sa hannu a komai ba, babu ruwan na'ura da shi. Ta amince, ba da son ranta ba.

Yanzu duk kwangilar da zan sa wa hannu sai an rubuta kuɗin bin ma'aikata gida-gida kafin a zana fom, da jerin abin da saƙo zai ɗauka da wanda zai karɓa.

Lambobin da aka canza ne suka fi cin rai, don babu yadda kwamfuta za ta bambance ta gaske da ta bogi, duka lambobi 11 ne masu kama da daidai. Dole aka dakatar da saƙo gaba ɗaya, aka koma ana tambayar kowace mace daga farko, aikin da babu wanda ya ware masa ko sisi. Waɗanda suka riga suka janye ajiyarsu, wasu sun dawo, wasu sun koma wajen uwar adashin unguwa mai littafi.