Tamale: Na Ga Inda Kuɗin Buhun Gawayi Ya Sayi Jirgin Sama

Buhu ne ya fara sa mini sha'awar Tamale. Wani abokin aikina a harkar ɗaukar hoto ya taɓa nuna mini bidiyon babban gidan wasan kwaikwayo na Akara an lulluɓe shi ruf da tsofaffin buhunan algarara, ya ce aikin wani ɗan arewacin Gana ne, Ibrahim Mahama, a 2016. Da aminin mahaifina Baba Alhaji da ke zaune a Tamale ya aiko cewa zai aurar da 'yarsa, in zo in ɗauki biki, ko shawara ban yi ba.

Hanyar Legas zuwa Akara ba ta da wani labari, in ban da wani jami'i a ɗaya daga cikin iyakokin da ya ga kyamarata ya ɗaure fuska. Fasfona lafiya, katin rigakafi lafiya, amma ya kife su a kan tebur ya ci gaba da danna waya, mota cike da mutane tana jirana. Da na yi magana sai ya ce in ina sauri in bar masa kyamarar. Direba ne ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ba shi na goro mu wuce." Na bayar, raina a ɓace. Daga Akara motar dare na shiga, ta Kumasi da Taciman da Kintampo. Da gari ya waye muka haye kogin Bolta a Buipe, sai ga kaɗanya da ɗorawa da kuka, daji ya koma irin namu sak.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a Tamale mata ne a kan babur. Uwa da hijabinta, goyo a baya, kwandon cefane a gaba, tana ratsa kasuwar Aboabo, ba mai ko kallonta. A Kano da yara sun bi ta da ihu. Baba Alhaji, mai masaukina, kakanninsa fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja ba su koma ba. Ya sauke ni a ɗakin ɗansa, ya hana ni taɓa aljihuna. Da na ce ina son ganin wurin Ibrahim Mahama sai ya ce, "Wanne, ɗana? Ƙanin shugaban ƙasa mai haƙar ma'adinai, ko mai buhu?" Sunansu ɗaya, amma kowa da gidansu.

Mai buhun a Tamale aka haife shi a 1987, ya yi karatun zane a jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi. Buhunan da ya yi suna da su a Indiya da Bangaladash ake saƙa su, a kawo su Gana don zuba kokon da ake fitarwa waje. In sun gama wannan aiki sai su faɗa hannun 'yan masara da shinkafa, daga ƙarshe 'yan gawayi. Shi kuma yana bin kasuwanni yana karɓar tsofaffi a madadin sababbi, ya tara mutane, cikinsu har da 'yan matan arewa masu dako a Akara da Kumasi, su haɗa su da basilla su zama shimfiɗa guda da za ta rufe bene. A 2015 marigayi Okwui Enwezor, ɗan Najeriya, ya gayyace shi babban baje kolin fasaha na Benis a Italiya wanda ya shirya, ya lulluɓe dogayen bangaye biyu da su. A 2017 ya yi irin haka a Kasal ta Jamus. Daga nan kasuwarsa ta buɗe.

Kuɗin da ya samu gida ya kawo. Ya buɗe cibiyar fasahar zamani ta SCCA a cikin gari a 2019, sai wata mai suna Red Clay a bayan gari a 2020. Can muka nufa a keke mai ƙafa uku, wanda ya so ya ninka mana kuɗi da ya ji Hausata ba irin ta Zango ba ce. Manyan zaurukan jan bulo ne a fili fetal, ga tsofaffin jiragen sama a ajiye a kan ƙasa, waɗanda aka ɗauko a manyan motoci tun daga kudu aka mai da cikinsu aji. Gefe kuma taragun jirgin ƙasa. Turawa sun shimfiɗa dogo daga Sekondi zuwa Kumasi tun 1903 don kwasar zinariya, amma bai taɓa isowa arewa ba, don haka yaran da na tarar suna hawa suna sauka nan ne suka fara taɓa tarago da hannunsu. Ba a karɓi ko kwabo a ƙofa ba. Na yi ta tunanin taragun da ke ruɓewa a tashar Kano, da gidajen siliman da aka mai da shaguna.

Na daɗe a gaban wani buhu. An rubuta sunan ɗan kasuwa da baƙin fenti, wani ya soke ya rubuta nasa a ƙasa. Akwai faci a kan faci, ɗaya da zaren leda, ɗaya da tsumman atamfa, kuma har yanzu yana warin hayaƙi. Mahama ba ya gari, wani matashi mai kula da wurin ne ya zagaya da mu, ya kuma nuna mana fim ɗin yadda ake aikin. A nan idon sana'ata ya buɗe. Kyamarar ba ta bin fuskar mai zanen. Tana kan hannuwa masu ɗinki, da samari a saman gini suna jan igiya suna yi wa juna kirari, sannan ta tashi sama ka ga buhu yana haɗiye ginin kaɗan-kaɗan. Ba kiɗa, ba mai sharhi. Mu a Kano da mun cika shi da waƙa, mun sa jarumi a tsakiya yana nuni da yatsa.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Aikin da ya rufe ginin Barbican na Landan da shi a 2024, saƙi mai ruwan hoda da shunayya da aka liƙa wa tsofaffin rigunan batakari (rigar saƙi ta arewacin Gana) kusan 100, ɗaruruwan masaƙa da maɗinka ne suka yi shi, a filin ƙwallon Tamale aka shimfiɗa shi saboda girma. Amma sunan mutum ɗaya duniya ta sani. Na faɗa wa Baba Alhaji haka, ya ce, "Ɗana, an biya su, kuma 'ya'yansu ne ke karatu a jirgin." Gaskiya ne, kuma samun mai kuɗin da zai yi haka sai an tona. Duk da haka ina ganin bango ɗaya a Red Clay zai ɗauki sunayen masu aikin nan.

Mun leƙa Nkrumah Volini, rumbun siminti na zamanin Nkrumah da aka yi watsi da shi bayan juyin mulkin 1966. Mahama ya saye shi, ya bar jemagun da ke ciki da gidansu. Washegari na yi cinikin batakari, mai shago ya faɗi kuɗin da na lissafa da naira na ji jiri, sai da Baba Alhaji ya yi masa Dagbanci ya rage kusan rabi. Tuwon zafinsu da miyar ayoyo ba laifi, amma ruwa-ruwa ne, ba ya riƙe ciki kamar namu.

Biki ya yi kyau. Salaga, tsohon garin cinikin goro da na so gani, ba ta samu ba. Dawowa na kwana a Zangon Kumasi, na canza ragowar sidi a Aflao, iyakar Gana da Togo, 'yan canjin wurin suka yanke ni son ransu.