Asabar ɗin da na raka ƙanena ƙetaren gada

Tun da aka sallamo ƙanena daga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, lokacin da na fi tsoro shi ne tsakanin la'asar da isha. Da safe yana shago kan keken ɗinkinsa. Da rana ta karya kuwa, sai tsofaffin abokai su fara kira. Likitoci sun yi nasu, sun raba jikinsa da giya sannu a hankali da magani, domin wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke farat ɗaya a gida, yana iya kamuwa da karkarwa da farfaɗiya da gane-gane a kwana biyu zuwa uku na farko, har a rasa rai. Ranar sallama wata nas ta ja ni gefe ta ce, "Hajiya, mu iyakarmu ƙofar asibiti. Ki nema masa waɗanda suka sha irin wahalarsa suka daina."

Wa zan tambaya a Tudun Wada? Maganar kodin da tiramol ta fito fili, musamman tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, iyaye mata na faɗinta har a gidan biki. Giya kuwa, ɗan Musulmi, ɗan gidan mutunci, ba mai buɗe baki. Gwaggo ta ba da shawarar a kai shi gidan mari. Na tuna mata abin da 'yan sanda suka tarar a wani irin wannan gida a Rigasa a 2019, sama da mutum 300, da yawa a ɗaure da sarƙa. Na ce ɗan'uwana mara lafiya ne, ba zan sa hannu a ɗaure shi ba. A intanet na ga tarurrukan masu neman daina giya ta Zoom, amma da Turanci, kuma sau da yawa lokacinsu tsakar darenmu ne, ga kuɗin data, ga wutar da ba ta tsayawa. A ƙarshe nas ɗin ce ta haɗa ni da wani dattijo da ya taɓa kwanciya a wajensu, shi ya kwatanta mana wurin da masu neman daina sha ke haɗuwa.

Kafin mu fita Umma ta tsare ni a zaure, don wurin na ƙetaren kogi ne, inda Kiristoci suka fi yawa. "Ƙetaren gada fa kika ce. Ba coci za ki kai min shi ba?" Na ce ajin makaranta ne suke arowa ran Asabar. Ta yi shiru, sannan ta sa masa albarka.

A cikin Keke Napep bai ce uffan ba sai da muka wuce kogi. "Yaya, in na ga wanda ya san ni fa?" Na ce duk wanda ka gani a can, abin da ya kai ka shi ya kai shi.

Dattijon na jiranmu a bakin aji, da hula da carbi, kusa da shi wani mai sarƙar gicciye yana jera benci. Ya riƙe hannun ƙanena da hannu biyu. Ni kuma ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri, zaman yau na masu ciwon ne kaɗai. Akwai ranar da muke buɗe wa iyali." Ya ɗan tsaya ya yi min bayani. Tsarin Alcoholics Anonymous suke bi, wanda wasu mashaya biyu, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, suka fara a 1935 a garin Akron na Amurka, bayan sun gano cewa hira da juna na hana su komawa kwalba. Sharaɗin shiga ɗaya ne, mutum ya so daina sha. Ba rajista, ba kuɗin wata, sai abin da aka jefa a kwano don shayi. Ba a tambayar sunan uba ko unguwa, kuma abin da aka faɗa a ɗakin a nan ake barinsa. Na yi masa tambayar Umma. Ya ce matakai 12 da suke bi don daina sha sun ambaci Allah, amma kowa da yadda ya san Ubangijinsa, shi bai taɓa fasa salla ba don yana zuwa nan. Har ma akwai Musulmin garin Baltimore na Amurka da suka kafa tasu ƙungiyar, Millati Islami, a 1989, suka ɗora matakan a kan Alƙur'ani da hadisi.

Na zauna ƙarƙashin darbejiya sama da awa ɗaya. Can na jiyo dariya daga ajin, har da muryarsa. Hawaye suka zubo min. A gida mun yi masa nasiha, mun yi kuka, mun yi rubutun sha, mun ɓoye kuɗi, kuma duk don ƙauna ne. Amma a gabanmu dole ya ce lafiya lau, don kar ya tayar wa Umma da hawan jini. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A can zai iya cewa jiya ya ji kwaɗayin giya har hannunsa na rawa, a gyaɗa kai, wani ya gaya masa yadda shi ya tsallake irin wannan daren.

Da ya fito idonsa ya yi ja. Ya ce ba su nemi ya rantse har abada ba, sun ce ya riƙe yau kawai, gobe ma in ta zo ya riƙe ta. Dattijon ya ba shi lambarsa, ya ce ya kira ko ƙarfe biyun dare ne, kafin ya sha, ba bayan ya sha ba. Ni ma ya ce akwai irin wannan zama na iyalan mashaya, Al-Anon, tun 1951, kuma matan wasu daga cikinsu na so su fara haɗuwa. Na ce a sa da ni.

Mun yi magariba a masallacin bakin titi kafin mu hau mota. Na ware masa kuɗin motar Asabar mai zuwa, ya ce shi kaɗai zai je. Umma ta ce ranar iyali in gaya mata da wuri, tana so ta gaisa da dattijon nan da bakinta.