Daga Winifeg, zuwa ga ƙannena masu neman aikin tuƙin jirgi

Assalamu alaikum. A gaida mutan gida duka. Tun da na samu aikin tuƙin jirgi a nan Kanada, ƙannenmu da suka gama kwalejin tuƙin jirgin sama ta Zariya suke damuna da tambaya ɗaya: "Yaya, in an kira mutum ganawar ɗaukar aiki, ya zage ne ko ya yi laƙwas?" Bari in amsa muku gaba ɗaya, in taɓo batun albashi da haya.

Amma sai na fara huce haushin takardu. Lasisin da na zo da shi Kanada bai ishe ni taɓa jirginsu ba. Na sake gwajin lafiya, na sake jarrabawa, aka bi littafin sa'o'in tashina shafi-shafi, ga sa'o'i 1,500 da ake nema kafin babban lasisi. Duk zirga-zirgar nan a Janairu na yi ta, sanyi 30 ƙasa da sifili, har gashin hanci daskarewa yake. Hunturun Kano ashe wasan yara ne.

Ganawata ta farko faɗuwa na yi. Wani kyaftin mai furfura, sa'an babana, ya ce: a ce muna sauka, na gangara ƙasa da tsayin da ƙa'ida ta yarda, titin jirgi bai bayyana ba, me za ka yi? Na sunkuyar da kai kamar gaban surukai, na ce zan ba shi shawara cikin ladabi. Suka rubuta wani abu, shi ke nan.

Daga baya na gane abin da suke tsoro. A 1977 a tsibirin Tenerife, injiniyan jirgin kamfanin KLM da ke shirin tashi ya tambayi kyaftinsa ko jirgin kamfanin Pan Am ya bar titi. Kyaftin, babban malaminsu, ya ce ya bari. Ba wanda ya sake musawa, jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka rasu.

Karo na biyu na dube su ido da ido. Na ce zan ɗaga murya in faɗi tsayin da jirginmu yake, in ce a fasa sauka. In bai amsa ba in maimaita, sannan in sanar jirgi ya dawo hannuna. Wani da muka shiga tare kuwa ya wuce gona da iri, a aikin rukuni ya hana kowa buɗe baki. Ba a sake kiransa ba.

Haya akwai tsada. Albashi kuma sai wani jiƙon, gobe da asuba zan tashi, ga ƙanƙara ta binne motata.

Naku,
Yayanku a Winifeg