Ranar da muka gwada wayar lasifika a bayan labule

Na daɗe ina bayar da hayar kayan sauti a Tudun Wada da ke Kaduna, daga walimar aure zuwa tafsirin watan azumi, amma ban taɓa zaton wayar lasifika za ta zama abin gardama ba, sai da wani aminina ya dawo daga Dubai da wata mai tsawon mita 3, wadda kuɗinta ya zarce na amfilifayar (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da nake neman abinci da ita. An yi mata riga ta saƙa, an kuma shafa wa bakinta ruwan zinariya. Da muka jona ta a falonsa da ke Unguwar Rimi, ni da kaina na yarda cewa murya ta ƙara fitowa fes, kalangu kuma ya ƙara zaƙi.

Lissafi ne ya hana ni sakat. Wayar jan ƙarfe da masu aikin wuta ke kira 2.5 saboda kaurinta, idan tsawonta mita 3 ne, turjiyar da take yi wa lantarki zuwa da dawowa kimanin om 0.04 ce kawai (om shi ne ma'aunin turjiya), alhali lasifikarsa mai om 8 ce, wato abin da ke salwanta a hanya kusan rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari. Ko da azurfa aka ƙera tasa, azurfa ba ta fi jan ƙarfe gudanar da lantarki ba sai da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Saboda haka na ce masa, "Alhaji, mu raba ido da kunne mu gani."

Na sayo waya 2.5 a babbar kasuwa, muka rataya labule mai kauri tsakaninmu da kayan, ƙanena ya zauna a baya da wani tsohon kwabo. Kowane zagaye sai ya jefa kwabon, ya jona wayar da ta faɗo, ya rubuta a takarda, mu kuma mu rubuta abin da kunnenmu ya gaya mana ba tare da mun kalli juna ba. Mun amince a kan zagaye 16, kuma sai wanda ya dace sau 12 za a ce ya ji bambanci, domin mai canki-canka ba ya kai wannan adadi sai ƙasa da sau 4 cikin ɗari.

Gwajin farko ya lalace, kuma laifina ne. Na lura ina amsawa tun kafin kiɗa ya fara, saboda wayar kasuwa sai an murɗe gashinta an ɗaure, ita kuwa mai tsada cusawa kawai ake yi, don haka jinkirin ƙanena ne yake ba ni amsa. Muka yaga takardun, muka sa wa wayoyin biyu baki iri ɗaya, muka ƙayyade minti ɗaya cur tsakanin zagaye da zagaye, sannan muka manne maɓallin ƙara da salatif, tunda an san cewa sautin da ya ɗan fi ƙarfi kunne yakan ɗauke shi a matsayin wanda ya fi kyau.

Da aka buɗe takardu, Alhaji ya dace sau 9, ni kuma sau 7. Ya ce, "Malam, kunnena ne ya gaji." Ban ƙi maganarsa gaba ɗaya ba, domin kunne ba ya riƙe ainihin sauti sai na ɗan daƙiƙoƙi, kuma minti ɗaya jira ne mai tsawo. Sai dai da safe cewa ya yi bambancin kamar dare da rana ne, kuma bambanci irin wannan bai kamata labule ya ɓoye shi ba.

Abin da ya fi amfanar sana'ata ya zo ne daga baya, lokacin da na ɗauko wata siririyar waya 0.5 mai tsawon mita 30 daga cikin mota, muka jona ta da lasifikata mai om 4. Turjiyarta, ko da jan ƙarfe ce zalla, ta haura om 2, kuma a nan babu wanda ya yi kuskure ko sau ɗaya, saboda ƙarar ta ragu, ganga kuma ta yi sanyi. Da na kankare gashinta da reza sai fari ya bayyana, ashe alminiyam ce aka yi wa fatar jan ƙarfe, shi kuwa alminiyam kimanin kashi 60 cikin ɗari na aikin jan ƙarfe yake yi. Da wannan wayar na yi tafsiri biyu ina zargin amfilifaya.

Tun daga ranar ba na shiga kasuwa sayen waya sai da reza a aljihu, kuma idan fili yana da tsawo nakan matsar da amfilifaya kusa da lasifika maimakon in ƙara waya. Alhaji kuwa bai cire tasa ba, ya ce ko ba komai tana ƙawata falo.