Mitar da ta riƙa ƙirga mana iska

A shekarata ta biyu ina riƙe da sito a wata masana'anta a Sharaɗa, Kano, aka ɗora mini karɓar man dizal na janareto. A ido aikin ba wuya. Tanka ta shigo, a duba hatimi da takardar lodi, a haɗa tiyo, a kunna famfo, mai ya bi ta mita ya faɗa tankinmu. Abin da mita ta nuna shi nake sa wa hannu, shi kuma ake biya.

Sai ga shi duk ƙarshen wata lissafi ya ƙi haɗuwa. Littafi ya ce ga abin da ya shigo, sandan awo da muke zurawa a tankinmu ya ce bai kai ba. Tunda na yarda da mita kamar ta haɗiyi layar gaskiya, sai na yanke cewa da dare ake zuƙe man. Na ambaci maigadi a gaban manaja, aka mayar da dattijon ƙofar baya.

Asiri ya tonu ranar da wata tanka mai lita 33,000 ta gama saukewa, mita ta nuna fiye da abin da ke takarda. Ni har murna nake, wai mun samu gyara. Wani tsohon makanikenmu ya leƙa lambobin ya ce, "Malam, yaushe tanka ta fara haihuwa a hanya?" Na ce, "Baba, ko zafi ne?" Gaskiya ne dizal yana kumbura da zafi, kusan lita 8 a cikin 10,000 a kan kowane digiri ɗaya. Ya ce da zafi ne, ai da sandan awo ya gani a tankinmu.

Ya ja ni gaban mitar. Irin tamu tana da ƙananan ɗakuna masu juyawa a ciki, kowane zagaye mudu guda ne, cike ko wofi. Ba ruwanta da abin da ya tura ta, mai ne ko iska. Shi ya sa ake kafa wani ƙarfe mai siffar tulu kafin mita. Mai yana shiga cikinsa ya rage gudu, iska ta taso sama, wani ƙwallo mai yawo a kan man, irin na tankin ruwan gida, ya sauka ya buɗe mata ƙofa ta fice. Da mai ya sake cikowa, ƙwallon ya tashi ya rufe. Namu tulun yana nan daram, har da sabon fenti, amma bawul ɗin bututun fitar da iskar a rufe yake gam. Rariyar da ke gabansa ta yage, datti ya maƙale a bakin ƙofar, bututun ya fara tofar da mai a ƙasa, wani mai son tsafta ya rufe ya huta.

Daga ranar na fara lura da inda iskar take shigowa. Tiyo mai faɗin inci 4 yana ɗauke da kusan lita 8 a duk tsawon mita ɗaya, kuma a farkon aiki duk iska ce a ciki. Mahaɗar da ba ta ɗauru ba a ɓangaren da famfo ke zuƙa ita ma tana shan iska, ko ɗigo ba za ka gani ba. Amma babbar ɓarnar a ƙarshe take. Idan mai ya yi ƙasa a ɗakin tanka, sai ya fara juyi kamar ruwa a bakin mazurari, famfo ya ja iska da kumfa tare. Tankar nan ɗaki uku gare ta, wato sau uku ke nan a sauke ɗaya. Ga kuma yaron mota yana ɗaga tiyo yana karkaɗawa, famfo na ta aiki. A lokacin ne mita take wani irin kuka, lambobi su riƙa gudu. Da can ina jin haka sai in ce aiki na sauri, ashe kuɗinmu ne ke tafiya, kuma gudun nan yana cinye cikin mitar.

Muka canza rariya, aka wanke ƙwallon, aka kai bakin bututun cikin wani ɗan tanki don kada a sake samun dalilin rufe shi. Yanzu ina buɗe bawul a hankali a farko, in rage gudu tun kafin ɗaki ya ƙare, in rufe kafin a koma na gaba. Dizal ba ya saurin sakin kumfa, don haka ina barin mai ya kwanta kafin in zura sanda, ko da direba yana ta duba agogo. Watan da ya biyo baya giɓin ya ragu har ba a ƙara maganarsa ba.

Na je ƙofar baya na durƙusa na ce, "Baba, na ɗauki alhakinka, ka yafe mini." Ya ce, "Ba komai, ɗana, Allah ya yafe mana baki ɗaya." An mayar da shi babbar ƙofa, muna gaisawa kullum. Goron da ya saba ɓantaro mini da safe ne dai ban sake gani ba.