Abin da sabunta manhaja ya yi wa tsohuwar kwamfutar hannuna

Shekara huɗu ke nan da na sayi kwamfutar hannu ta gwanjo a babbar kasuwar Maradi, kuma da ita yarana suke bitar karatun lakkol, ni ma da ita nake karatu da dare. A watan jiya saƙo ya fito cewa a sabunta manhajarta, na amince, washegari sai ta koma tana jan ƙafa kafin ta buɗe shafi guda, batirin da yake kai mu magariba kuma ya daina wuce azahar.

Mai gyaran salula da na kai wa ya ce, "Malam, kada ka yi gaggawar yanke mata hukunci." Ya sa na bar ta a caji kwana ɗaya, domin bayan sabuntawa na'ura takan ɗauki lokaci tana sake tsara manhajojin cikinta. Daga nan muka duba ma'ajiya, muka tarar hotuna da bidiyon WhatsApp sun kusa cinye ta, alhali sabuwar manhajar ta fi tsohuwar neman wuri. Mun kwashe su, mun share tarkacen da manhajoji ke tarawa, amma sai da muka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani sannan ta ɗan farfaɗo. Batirin kuwa ya riga ya gaji, kuma zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40 a nan, yana saurin tsofar da shi.

Duk da haka zargin da ke raina, cewa da gangan kamfanoni ke rage wa tsofaffin na'urori ƙarfi ta hanyar sabunta manhaja, bai gushe ba, kuma yana da tushe. A Disambar 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone masu raunin batir, kuma a 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Tun 2015 dokar ƙasar ta mayar da gajarta ran kaya da gangan laifi. Daga Yunin 2025 kuma Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera wayoyi da kwamfutocin hannu su ci gaba da sabunta manhaja aƙalla shekara 5 bayan daina sayar da samfuri.

Abin da ya fi damuna shi ne, yawancinmu a nan muna karɓar na'ura ne bayan ta cinye rabin rayuwarta a hannun wani, saboda haka ranar da kamfani ya janye hannu daga gare ta tana riskarmu da wuri, ko da gilashinta bai tsage ba. Na kashe sabuntawar da ke yin kanta, ina sane da cewa hakan yana rage mata kariya, shi ya sa na cire duk abin da ya shafi kuɗi daga cikinta, na bar wa yara littattafansu.